Shekarar da Baba Ya Ji Tausayin Ciyawata

Na gama! Wallahi tallahi na gama, jama'a! Ina danna wanga rubutu a waya, a kujerar baya ta motar Wurno, farar rigar da 'yan ajinmu sunka cika da sa hannu tana cikin leda bisa cinyata, babban yatsana sai gudu yake kamar an biyo shi. In kun ga harafi ya tsallake, ramin hanya ne, ba ni ba ce. Na san a gida Inna ta riga ta kama kaza. Amma kafin a fara guɗa akwai maganar da nike so in miƙe, kuma da ku nike, ku ƙannena da 'ya'yan Yaya, da kunka daɗe kuna jin ana cewa wai Anti Ummi ta faɗi jarrabawa shi ya sa ta ƙara shekara a jami'a. Ni? Tab! Ko kariyoba ɗaya, wato darasin da ake faɗi a maimaita, ban taɓa kwasowa ba. Na ji ana faɗa na yi shiru, don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma mun yi da Baba sai ranar da na gama za a buɗe ta. To yau ce ranar. Ku matso.

Abin ya faro ne a shekarar da ya kamata ta zama ta ƙarshe gare ni a sashen aikin gona, lokacin da kowa ke neman furojet, wato binciken da ɗalibi zai yi da hannunsa kafin a sallame shi. Ƙawayena duk sun bi mai sauƙi, a je kasuwa a yi wa mutane tambayoyi a dawo a kwanta. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da Dakta Rifkatu, wata siririyar mata 'yar Zuru, kullum da malafa a kai, wadda in ta yi maka Hausa sai ka ji kunyar taka. Ta kira ni ofis, ta ce in buɗe hannu, ta zuba min wasu 'yan ƙwayoyi kamar gero, sai dai sun fi gero santsi da sheƙi.

"Barsim ke nan," ta ce. "A Masar da shi suke kiwon shanu. Sanyi yake so, da laima a ƙafarsa. Ke ba 'yar Wurno ba ce? Kuna da fadama, kuna da ɗari. Je ki tambayo mana ƙasarku ko za ta karɓi baƙo."

Ta zaunar da ni ta yi min bayani a tsanake. Ciyawa ce mai ganye uku-uku, dangin wake da gyaɗa. Ba ta cika neman taki ba, don tana da 'yan haya a saiwarta: wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su shiga saiwa su gina 'yan ɗakuna kamar ƙuraje, su riƙa jawo abinci daga iska suna ba ta, abin da ya rage kuma su bar wa ƙasa, shinkafar da za ta biyo baya ta samu. Sai dai kowane dangi da 'yan hayarsa. Na ƙasarmu sun san wake, sun san gyaɗa, ba lalle su san barsim ba. Don haka ta ba ni wani baƙin gari a ƙulle a leda, ta ce halittun suna ciki suna barci. Tambayar duka ita ce: a ƙasar Wurno, sai da wanga gari barsim zai yi, ko zai yi da kansa?

Wayyo, da na fito daga ofishin nan ba a ƙasa nike tafiya ba. Kun san yadda abubuwa sunka koma tun da daji ya lalace. Ba mai kai dabbobi nesa, 'yan uwanmu na Shinaka sun ga abin da sunka gani, tumakin Baba suna ɗaure a gida suna tauna kara har da kwali, harawa ta ƙare tun rani bai raba ba. To ni a hanyar hostel sai na riƙa ganin fadama tun daga bayan gidanmu har bakin dam na Goronyo ta zama shimfiɗa ɗaya kore shar, a tsakiyar rani, belbelu na sauka a kai kamar an watsa auduga, mata na yanka suna ɗaurawa, tumaki sun yi ƙiba har suna tafiya da yanga. Har mai mashin ya kusa kwashe ni ban sani ba.

Na iso gida da iri a jaka kamar na ɗauko zinari. Baba yana zaure yana gyaran bututun injin ban-ruwa. Ga waɗanda ba su lura ba, sunan mahaifiyarsa anka sa min, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, bai kuma taɓa ɗaga min murya ba. Ya saurare ni har na kai aya, ya juya ƙwayoyin a tafin hannunsa.

"Uwata, mu nan kullum hwaɗa mukai da ciyawa, ke kin tai jami'a kin ɗauko muna wata?"

"Baba wagga ba irin waccan ba ta. Wagga ita ka ciyar da gona."

"To. Mi as sunanta?"

"Barsim."

"Allah shi sa ta san mutunci."

Ya yanka min kusurwar da ya girbe shinkafa, wurin da ya so ya ƙara albasa, daidai bakin turbar da mutane ke bi zuwa kasuwa. Inna ta jiƙa min ƙaro a ƙwarya, munka raba irin gida biyu. Rabi munka shafe shi da ruwan ƙaro munka barbaɗa baƙin garin har ya manne, munka shanya a inuwa, Inna na cewa ko amarya ba a yi wa wanga gata. Rabi kuwa munka bar shi yadda Allah ya yi shi. Na ja fangali-fangali. Dakta ta ja min kunne cewa ba ni zan zaɓi wanda zai samu gari ba, don zuciya tana da son kai, za ta kai shi wuri mai kyau. Ƙuri'a za a yi. Sai na zuba ƙwallon dabino da tsakuwa a cikin wata tsohuwar hular Baba, in tsaya a kan fangali in rufe ido in zaro. Dabino, mai gari. Tsakuwa, babu. Kamar da gangan, kusan duk na bakin turba tsakuwa sunka ci. Su na sa wa suna 'yan shaida, don da su za a gwada sauran.

"Baba, ruwa kawai," na ce. "Don Allah kar a sa musu komi."

"To, Uwata. Ruwa kawai."

Kai, tsirowar barsim! Da farko kamar an yayyafa koren kwalli a ƙasa, sai ka durƙusa za ka gani. Sannan ganyen ya buɗe, uku-uku, uku-uku, ko'ina uku. Da safe raɓa ta kwanta a kai, rana na fitowa sai wurin ya riƙa ƙyalli kamar an fasa madubi. Amma abin da ya sace ni shi ne gab da magariba. Ashe ciyawar nan barci take yi. Rana na yin ja sai ganyen gefe biyu su haɗe fuska, na tsakiya ya sunkuyo ya rufe su, kamar uwa ta ja zane ta lulluɓe 'yan biyu. Fangali guda, dubban uwaye, duk a lokaci ɗaya, ba hayaniya. Sai in zauna bisa kunya in manta da waya a hannuna, ni da ko a layin abinci ba na ajiye ta, har sai Baba ya kashe inji ya ce in tashi kar sallah ta wuce mu.

Da tafiya ta yi tafiya sai bambanci ya fara fitowa. Masu gari sunka yi duhu, sunka tashi, sunka rufe ƙasa. 'Yan shaida kuwa sunka tsaya cak, sirara, ganye ya koma ruwan ɗorawa, ana hango ƙasa ta tsakaninsu. Ni daɗi kamar ya kashe ni, don amsar ce ke fitowa da kanta, ina ta ɗaukar hoto. Amma ku tuna wane ne Baba. Mutumin da tun yana saurayi ba a taɓa ganin rawaya a gonarsa ba, wanda in baƙo ya zo fadama albasarsa ake nuna masa. Ga kuma Kawu Labbo, taubashinsa, gonarsu kunya ɗaya ta raba, bakinsa kuwa ba birki. Kullum sai ya tsayar da jakinsa a turba.

"Sarkin Noma! Wagga gona taka shawara tak kama ta? A kai ta asibiti mana!"

"Wuce dai, Labbo."

"In taki ya ƙare maka hwaɗi, ba kunya ba ta. In aiko maka da sadaka."

Mata masu zuwa kasuwa su kwashe da dariya, ni ma in yi. Baba ya yi murmushi ya ci gaba da jan ruwa.

Ana nan jarrabawa ta taso, dole na koma makaranta na bar wa Baba ban-ruwa. Wayarsa irin mai tocila ce, ba hoto. In na kira sai ya ce, "Lahiya lau suke, Uwata, har sun hi da." Na ɗauka irin maganar iyaye ce. Ranar da na dawo ko jaka ban sauke ba na zarce fadama. Jama'a, na tsaya a turba na kasa gane wurina. Babu rawaya. Ko ɗigo. Tun daga bakin hanya har ƙarshen kusurwa kore ne ɗaya, mai duhu, mai kauri, iska na bi ta kai yana kwantawa yana tashi kamar ruwan gulbi. Sai da na duba turakun da na kafa sannan na san wane ne mai gari, wane ne ɗan shaida. Ƙamshin ɗanyen ganye ya cika min hanci, ƙudan zuma na ta shawagi, na ji kamar mafarkin nan na hanyar hostel ne ya sauko ya kwanta a gonar Baba.

Nan take kaina ya ba ni lissafi: ashe ƙasar Wurno tana da nata halittun, jinkiri kawai sunka yi kafin su gane baƙo! Ba ma buƙatar garin kowa! Na yi tsalle, na yi juyi, na ɗora a sitatus ɗin waya da 'yan hotunan wuta-wuta, na rubuta wai ƙasarmu ta wuce wurin. Har na fara ganin kaina cikin farar riga ana hira da ni a talabijin, an sa wa wata ƙwayar halitta sunan garinmu. Na tura wa Dakta hotuna kamar ashirin. Ta dawo min da saƙon murya, gajere.

"Madalla. Amma kafin ki yi rawa, tono min saiwa."

Washegari da hantsi na tono, a hankali, da ƙasarsu, na kai bakin kwata na wanke. Na masu gari saiwarsu cike da 'yan ƙuraje, in ka fasa ɗaya da farce cikinsa ja-ja kamar cikin gwaiba, alamar 'yan haya na ciki suna aiki. Na 'yan shaida kuwa fari fat, siriri kamar zare, ko ƙurji ɗaya babu. Na tono wani. Babu. Na tono wani. Babu. Ga ganye kore har yana sheƙi, ga saiwa ba kowa a gida. Na riƙe shi a hannu ina tambayarsa kamar mahaukaciya, to ku wa ke ciyar da ku? Da na ɗaga kai sai idona ya faɗa kan albasar Baba a can gefe. Ita ce ta yi fari-fari, ta yi laushi, abin da ban taɓa gani ba tun da nike.

Na iske Inna a tsakar gida tana ɓare tafarnuwa. Ban ma gama tambaya ba ta fara murmushi, irin na wadda ta gaji da riƙon albishir.

"Ke dai gode wa Allah da yab ba ki uba. Takin zamanin da yaɓ ɓoye ma albasarshi, shi yak kwasa yaz zuba ma naki, waɗanda sunka yi rawaya. Ya ce ba shi iyawa ɗiyarshi ta dawo ta iske abinta na mutuwa bakin hanya, duniya na wucewa tana kallo. Ya ce kar a hwaɗa miki, shi dai ki gani ki ji daɗi."

Na zauna a kan turmi. Na ce Inna ai aikin ya mutu. Ta ce wane irin mutuwa, ba ga shi kore ba? Na yi ta bayani, hawaye na zuba, har ta ajiye tafarnuwar. Sannan ta leƙa zaure ta dawo ta rage murya.

"Kul. Kar in ji kin hwaɗa mishi. Mutumen ga albasarshi yab bari da yunwa don ke. Kina so zuciyarshi ta buga?"

Na kira ƙawata Zi, wadda muke ɗaki ɗaya a makaranta, ina shessheƙa. Ita ko a jikinta.

"Haba beb, wa zai sani? Kina da hotunan da sunka yi rawaya, ko? To ki rage musu nauyi a rubuce, shi ke nan. Dama amsar da za ta fito ke nan. Ki fita kawai, rigar sa hannu na jiranki."

Ba zan yi muku ƙarya ba, maganar ta shige ni. Har na fara ƙirƙiro lambobi a kai, masu kyau, ba su yi yawa ba ba su yi kaɗan ba. Da yamma na koma fadama na zauna bisa kunya. Rana ta yi ja, ganye sunka fara haɗe fuska, masu gari da 'yan shaida duk tare, ba wanda ya san an yi wani abu. Sai na ga ban san amsar ba. Zato nike yi. Wataƙila da an bar su, da sun farfaɗo da kansu daga baya, wataƙila da sun mutu. Ƙasar ta fara ba ni amsa anka rufe mata baki, ni kuma ina shirin in ƙarasa mata zancen da muryata. Kuma wata rana wani zai ɗauki abin da na rubuta ya je ya gaya wa wani manomi, mai tumaki a ɗaure kamar na Baba. Na tashi na kakkaɓe zane.

Na koma makaranta na gaya wa Dakta Rifkatu gaskiya, ta saurare ni har ƙarshe. Sai kawai ta cire malafa ta kifa kai a tebur, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take. Ashe dariya ce, har da hawaye.

"Yi haƙuri, Ummi, ba ke nake wa ba. Na ga furojet da awaki suka cinye, na ga wanda ambaliya ta tafi da shi. Wanda tausayi ya kashe ne ban taɓa gani ba."

"Ma, in sake shukawa yanzu?"

Ta share ido, fuskarta ta koma daidai. "Ɗari ya fara tafiya, kuma ba ya dawowa don ɗalibi. Kafin su yi ganye zafi ya dafa su. Sai baɗi."

Sai baɗi. Kalma biyu, shekara guda. Ina kwance a ɗakin Inna ina kallon sitatus ɗin 'yan ajinmu, sun sa fararen riguna suna ihu, daga baya sun sa kakin bautar ƙasa suna fareti, ni ina tankaɗe. A gari kuwa magana ta fita da ƙafarta: ɗiyar wane ta faɗi. A gidan biki in na shiga sai a sauya zance. Barsim ɗin dai munka yanka, mu bar shi ya sha iska a inuwa tukuna don ɗanye mai raɓa yana kumbura cikin dabba, tumaki sunka ci har suna lumshe ido, Baba na gaya wa duk wanda ya tsaya yadda ciyawar ta kusa mutuwa Allah ya taimaka. Abin da ya fi ci min rai shi ne lallashinsa. Ya dawo daga kasuwa da rake ya ajiye a gabana.

"Kar ki sa ma ranki, Uwata. Jarrabawa ta Allah ta. Wanda yaf faɗi bana shi ka ci baɗi."

In ce na gode, in shiga ɗaki in cusa fuska a filo.

Damina ta zo ta wuce. Da kaka ta yi, ɗari ya fara leƙowa da asuba, sai na ga ba makawa. In ban faɗa masa ba, zai sake, don har gobe a wurinsa alheri ya yi. Ban nemi izinin Inna ba. Na bi shi gonar tudu ta hanyar Lahodu, ranar da ya je roron wake, na tuge wani wake da saiwarsa na nuna masa ƙurajen.

"Na san su," ya ce. "Na ɗauka ciwo na."

Na ce ba ciwo ba ne, masu dafa wa shuka abinci ne. Na faɗa masa zancen baƙin gari. Sannan na ce, Baba, in wani ya kawo maka sabuwar dussa ya ce tana sa rago ƙiba, ya za ka gane gaskiyarsa? Ya ce sai ya ɗaure raguna biyu, ya ba ɗaya ya hana ɗaya. Na ce to in wani ya ji tausayin wanda anka hana, ya riƙa ba shi dawa a ɓoye fa?

Hannunsa ya tsaya a cikin ganyen wake. Ban taɓa jin gona ta yi shiru irin na ranar ba, har ina jin ƙwanson wake na fashewa a rana.

"Waɗanda sunka yi rawaya," ya ce a hankali, "yunwar tasu ita ta aikin?"

"Ita ta, Baba."

"Amma da kinka ce kar a sa musu komi, na ɗauka kunya kika ji. Kar ki ɗora min nauyi."

Na girgiza kai. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, na ga yana haɗa abin da kansa, yana isowa inda nike tsoro.

"Shekarag ga da kinka ƙara. Ba hwaɗuwa kinka yi ba."

"A'a, Baba."

Ya zauna a kan kunya, ya cire hula ya riƙe ta a hannu biyu. Mutumin da ban taɓa ganin kansa a buɗe a waje ba. Can ya ce gobe bayan sallar asuba zai tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa kowa. Na durƙusa na roƙe shi, na ce in ya yi haka Kawu Labbo zai samu abin ci har ƙarshen rayuwarsa, kuma ni ba wanke suna nike nema ba yanzu, shaidu nike nema waɗanda za a bari da yunwarsu. Ya bari sai na gama. Da ƙyar ya yarda.

Da munka zo shuka ta biyu shi ya riƙe hula, shi ya zaro ƙuri'a. A fangalin farko na bakin turba ya rufe ido ya sa hannu, ya buɗe: tsakuwa. Na biyu, tsakuwa.

"Uwata, ba a sakewa?"

"Ba a sakewa, Baba."

"Innalillahi."

Ku da kuke gida lokacin, kun ga Baba ya rame a ranin nan kunka ɗauka azumin nafila ne. Ba azumi ba ne. Buhun takinsa ya kai ɗakin Inna ya ce ta kulle, ko ya roƙa kar ta ba shi sai ta ga albasa zai nufa. Da 'yan shaida sunka fara rawaya, in zai ba su ruwa sai ya juya fuska gabas yana jan bututu ta baya. Ya daina bin turba, ya riƙa zagayawa ta cikin gonar mutane. Kawu Labbo ya yi barkwancin shawara, ya yi na asibiti, ya yi na sadaka, har abin ya daina ba shi dariya shi ma. Wata safiya ina auna tsayin ganye sai ga shi da jaki, mangala cike da takin tumaki, ba wasa a fuskarsa.

"Sarkin Noma, wasa wasa na, amma wanga abu ya isa. Kauce in zuba ma yarinya."

Baba ya ajiye bututu ya sha gabansa, ya buɗe hannuwa kamar mai tare shanu.

"Labbo, ko ƙwara guda taf faɗa cikin fangalin ga, ni da kai sai gaban alƙali."

"Kai, yunwa sukai! Ba ka gani?"

"Ina gani. Na hi ka gani. Aikinsu na. Shaida suka badawa."

"Shaidar mi?"

"In sun gama ka ji."

Kawu ya dube ni, ya dubi Baba, ya ce boko dai ya gama da gidan ga, ya ja jakinsa. Baba ya koma ga bututu, na ga yana share ido da gefen rawani, wai hayaƙin inji ne.

Ba su farfaɗo ba. Har ƙarshe 'yan shaida ba su farfaɗo ba, saiwarsu fari fat, masu gari kuwa sun kai min gwiwa, na yanka sun sake tasowa, na yanka sun sake tasowa. Ranar yankan ƙarshe iska ta riga ta fara ɗumi. Na rataya sikeli a reshen mangwaro, ina ɗora dami-dami. Na masu gari sai na sa hannu biyu. Na 'yan shaida kuwa, fangali guda a hammata ɗaya nike ɗauko shi, kamar kayan miya. Amsar ke nan, tsaf, daga bakin ƙasar da kanta: baƙon zai zauna a Wurno, amma sai an zo masa da 'yan hayarsa. Na sauke dami na ƙarshe, ina so in yi ihu fadama duka ta ji. Baba yana tsaye tun ɗazu a gefe, hannu a baya.

"Uwata. Sun gama ba da shaidar?"

"Sun gama, Baba."

"Ba sauran abin da za a tambaye su?"

"Babu."

Sai ya juya ya yi fito. Daga bayan mangwaro Kawu Labbo ya fito da jakinsa, mangala cike, ashe tun safe suna laɓe. Baba bai jira an sauke ba. Ya cika kwando ya shiga fangalin bakin turba, ya durƙusa a kan guntayen kututturen nan rawaya, yana barbaɗa taki da hannunsa a gindin kowanne, a hankali, kamar mai ba mara lafiya kunu. Na matsa kusa sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ku yi haƙuri. Ku yi haƙuri, an gama. Ku ci."

Ni na san zafi ya riga ya iso. Na san ko buhu nawa anka zuba musu, kwana kaɗan ya rage rana ta ƙone su, su da masu garin duka. Na buɗe baki in faɗa, sai ya ɗago ya dube ni, taki har gwiwar hannu.

"Tsaye za ki yi, Uwata? Ɗauko kwando."

Na ajiye waya a kan kunya na ɗauko.